Kanwar Alhaji

Ranar farko da na shiga kamfanin Alhaji Maikuɗi, shayi aka ce in dafa. Ni da na taso daga kwalejin fasaha da ɗamarar koyon aikin inji, sai ga wani akawu yana miƙo min buta, wai Alhaji ba ya son sukari da yawa. Na dube shi, na dubi butar.

Na ce, "Malam, ni Ai-Ti na zo, ba aikatau ba."

Ya ce, "Mene ne kuma Ai-Ti?"

Na ce, "Watannin da makaranta take tura ɗalibi masana'anta ya koyi aiki da hannunsa. Ina ɗakin tukunyar tururinku?"

Ya ƙi nuna min. Oho dai, na bi baƙin hayaƙin da ke tashi a bayan ofis, ya kai ni.

A shekarar 1989 ke nan, lokacin da tsada ta sa kowa a gaba. Kamfanin yana bakin hanyar da ta tashi daga Karaye ta nufi Rogo. Angurya yake saye, wato 'ya'yan auduga, ya tatse manta ya tace ya ɗura a garwa, dusar kuma ya sayar wa masu dabbobi. Ni na roƙa aka turo ni nan, saboda rugarmu tana kusa, a gefen Turawa, zan riƙa kwana a ɗakin Innata ina shan nonon shanunmu. Sunana Sauda. Mahaifina, Baffa Jibo, bai taɓa nufin in yi karatu mai nisa ba. Da aka matsa wa kowane gida sai ya ba da yaro ɗaya a boko, ni ya bayar, don kada a taɓa masa mazan da za su yi kiwo. To, boko ta karɓe ni, ni ma na karɓe ta, kuma har yau ban yi nadama ba.

Abu biyu malaminmu ya ɗora mana kafin mu watse. Ya ce kowa ya gano inda masana'antarsa take asarar mai da wuta, ya kuma gano inda take ɓata wa mutane ƙasa da ruwa. Na farkon bai ba ni wuya ba, don a gaban idona ake yin sa.

Mai kula da tukunyar wani dattijo ne, Malam Lawal, mutumin kirki mai yawan tsokana. Tun ranar farko ya laƙaba min "Injiniya", in na shigo sai ya ƙame ya sara min. Tukunyarsa ƙatuwa ce ta ƙarfe, baƙin mai take ci, tana dafa ruwa ya zama tururi. Tururin yana bin bututu ya je ya gasa angurya, ya ɗumama mai. In ya gama aikinsa sai ya koma ruwa, mai zafi, garai-garai. Sai a sake shi a kwata ya yi gaba, a ɗebo mai sanyi daga rijiyar burtsatse a zuba wa tukunya, a sake ƙona mai tun daga farko.

Na ce, "Malam Lawal, ko Innata ba za ta zubar da tafasasshen ruwa ta ɗora na randa ba. Ku da kuke kukan tsadar mai, me ya sa kuke haka?"

Ya ce, "Injiniya, haka na tarar ana yi, haka nake yi. Ni ba aikin tambaya aka ɗauke ni ba."

Na biyun shi ne ya ɗaga min hankali. A ɗakin tace mai, da soda ake wanke man, irin sodar nan da mata suke haɗa sabulu da ita, wadda in ta daɗe a hannu sai ta ci shi. Ruwan wankin yana fitowa baƙi ƙirin, ga santsi, ga wari. Shi ma kwatar nan yake faɗawa, ya haɗu da ruwan zafin tukunya, su wuce ta wata kafa a ƙarƙashin katanga. Na tambayi ma'aikata ina yake zuwa. Suka ce waje. Wai waje! Kamar waje ba ƙasar Allah ba ce. Na gyara ɗaurin ɗankwalina na fita na zagaya.

A bayan katangar akwai wani kwari, ruwan ya taru a ciki ya zama tafki. Bazara ce, rana ta busar da gefensa ta bar wani farin ɓawo kamar an watsa gari. Ga shanu sun kewaye shi, wasu suna lasar ɓawon, wasu sun kafa baki suna sha. Ina tsaye ina cewa wane marar tausayi ne ya bar dabbobinsa a nan, sai idona ya faɗa kan wata saniya mai farin goshi. Kyalla! Tawa ce, jikar saniyar da aka ba ni ranar sunana, ga cikinta ya fito. Can ƙarƙashin wata ƙirya kuwa Baffa ne zaune, sanda a kan cinya, suna hira da abokinsa Barau na Beli da wasu makiyaya daga Yola, wani ƙauye da ke kusa da mu.

Na durƙusa na gaishe su yadda aka koya min, na tambayi gida, na tambayi dabbobi. Sannan na ce, "Baffa, me shanu suke yi a nan?"

Barau ne ya amsa, yana murmushi. Ya ce, "Kanwa suke sha, 'yata. Kanwar Alhaji. Allah dai ya saka wa ubangidanki da alheri."

Wanda bai taɓa kiwo ba ba zai gane ba, bari in yi masa bayani. Saniya tana buƙatar kanwa kamar yadda miya take buƙatar gishiri. Mai garke yakan sayo jar kanwa a kasuwa, ya jiƙa a komi, ya ba su su sha, ta buɗe musu ci, ta wanke musu ciki. In saniya ta rame, kanwa. In ta yi zawo, kanwa. Ba a kuma barin wannan a hannun yara, mai garke da kansa yake tsayawa. To, shekarar nan kanwa ta yi tsadar da sai ka sayar da dabba kafin ka saya wa sauran. Ana cikin haka shanu da kansu suka gano tafkin nan, suka riƙa ƙwace wa masu kiwo suna rugawa can. Wani ya dangwala farin ɓawon ya ɗanɗana, ya ji gafi irin na kanwa. Shi ke nan, magana ta zaga rugage cewa Allah ya kawo kanwa kyauta.

Na ce, "Ba kanwa ba ce. Soda ce da dattin angurya. Ni na ga inda take fitowa."

Baffa bai ko ɗago ba. Ya ce, "Ke, koma bakin aikinki."

Na koma. Na yi 'yan kwanaki ina aune-aune da zane-zane, sannan na nemi ganin Alhaji Maikuɗi. Gajeren mutum ne mai fara'a, tsohon ɗan kasuwar auduga da Allah ya buɗa wa ya kafa inji. Ba zan ce mugu ba ne, amma in magana ba ta zo da riba ba, kunnensa ba ya ɗaukarta.

Na ce, "Ranka ya daɗe, abu biyu na kawo. Na ɗaya, a ja bututu a mayar da ruwan zafin nan cikin tukunya. Man da ake ƙonawa zai ragu ƙwarai."

Ya gyara zama. Ya ce, "Ina jin ki, 'yar Jibo."

Na ce, "Na biyu, a haƙa rami a cikin katanga a shafe shi da siminti, ruwan soda ya riƙa taruwa a ciki. A toshe kafar da yake fita. Dabbobi suna sha, kuma zai kashe su."

Sai ya bushe da dariya. Ya ce, "Ruwan nan da kike rainawa, addu'a nake samu da shi safe da yamma. 'Yan uwanki har nono suke aiko min. In sun kawo shanu shan kanwa, su biyo su sayi dusata. Yanzu ki ce in sayi siminti in toshe hanyar sadakata da ta cinikina?"

Na ce, "To, ranka ya daɗe, ka ji wannan da kyau. Ruwan zafin nan shi yake sirka sodar. In aka janye shi aka bar kafar a buɗe, tsagwaron soda ce za ta fita. Ko a yi duka biyun, ko a bar duka biyun."

Fara'ar ta ɗauke. Ya ce, "Yarinya, koyon aiki kika zo ko koyar da ni? A kamfanina ni nake zaɓa."

Ya kuwa zaɓa. Ba a jima ba sai ga masu walda, aka ja bututun daidai yadda na zana shi, ramin kuwa ko magirbi ba a kafa ba. Malam Lawal ya kasa haɗa ido da ni. Ya ce, "Injiniya, ki yafe ni, umarni aka ba ni." Hayaƙi ya ragu, tankar baƙin mai ta rage zirga-zirga, Alhaji ya riƙa nuna ni ga baƙinsa yana cewa, "Kun ga 'yar Fulanin nan? Kai gare ta!" Wallahi duk sanda ya faɗa ji nake kamar in shaƙe shi. Ya ɗauki rabin maganata ya ƙara arziki, ya bar wa ubana ɗaya rabin ya sha.

Tafkin ya tsuke, ya yi kauri, ɓawon ya ƙara fari da yawa. Makiyaya suka hau murna, wai kanwar ta nuna. Sai bakin shanu ya fara gyambo, yawu yana dalala. Sai zawo. Nono ya ja baya har Inna ta daina fita talla kullum. Wata saniyar Barau ta yi ɓari, sai aka ji wata ma ta yi a Yola. To me kuke tsammani suka yi? Suka ce ciwo ya shigo ƙasa, maganin ciwo kuwa kanwa. Wanda yake kawo shanunsa jefi-jefi ya koma kawo su kullum. Tirƙashi! Abin da yake kashe su shi aka mayar magani, kuma babu wanda ya yi haka don ƙeta. Mutane ne da suke son dabbobinsu fiye da kansu, suna yin abin da iyayensu suka koya musu.

Garken nan shi ne mu. Gonarmu 'yar ƙarama ce, ba ta kai mu kaka. Da nono muke ci, da shanu ake sanin Jibo a majalisa. Yawancin shanun mata kuma suna da ciki a lokacin. In 'yan maruƙan shekarar suka zube, babu nono, babu garke, Baffa sai dai ya koma yi wa wani kiwo da furfurarsa.

Wata safiya ana tatsa na same shi a tsugune gefen wata saniya. Na tsuguna nesa kaɗan. Ni ce 'yar farinsa, a wajenmu kuwa uba yana kunyar ɗan fari. Ba ya kiran sunansa, ba ya wasa da shi, ba ya nuna damuwa da shi a gaban mutane. "Ke" shi ne sunana a bakin Baffa, kuma doguwar magana ba ta taɓa haɗa mu ba. Ranar na ce ko za a yanka ni sai na yi ta.

Na ce, "Baffa, don Allah ka daina kai su bayan kamfani. Dubi bakinsu. Yaushe kanwa ta taɓa yi wa saniya haka?"

Ya ci gaba da tatsa. Ya ce, "Tun ba a haifi wanda ya koya miki boko ba nake kiwo. Saniya ba ta shan abin da zai cuce ta."

Na ce, "Saniya tana cin tsumma, Baffa. Tana cin leda. Kai da kanka ka sha ciro su a cikin wadda aka yanka."

Hannunsa ya tsaya a kan hantsa. Ya ce, "Ke, ni kike mayar wa magana?"

Na ce, "Ba rashin kunya nake yi ba. Ni nake ganin buhunan sodar ana farke su. Da hannuna nake auna ta."

Ya ce, "To je ki ci gaba da aunawa. Shanu ba naki ba ne."

Inna ta zo ta ja ni ta hannu tana cewa in rufa mata asiri. Na tashi, amma raina a ɓace, har na isa kamfani ban daina magana ni kaɗai ba.

Bayan 'yan kwanaki Kyalla ta yi ɓari. Da sassafe na fito na same ta tsaye a kan ɗan da ta zubar tana lasa, tana tura shi da hanci wai ya tashi. Namiji ne, ya gama haɗuwa tsaf, har da farin goshin uwarsa. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba, na yi shi da ƙarfi har maƙwabta suka leƙo. Baffa ya zo ya tsaya ya daɗe yana kallo. Na ce yau dai ya gani da idonsa, yau magana ta ƙare.

Sai ya juya ya ce wa ƙannena, "Ciwon ya yi ƙarfi. Yau duka za a kai su, har da masu tsohon cikin da na ware. Su sha su ƙoshi."

Ban tsaya karyawa ba. Na kama hanyar kamfani da sauri, na iske Alhaji yana fitowa daga mota, ma'aikata sun taru suna gaishe shi. Ko gaisuwar kirki ban yi ba.

Na ce, "Alhaji, saniyata ta zubar da ɗa yau. A toshe kafar nan yanzu, a sa maigadi ya hana shanu zuwa tafkin."

Ya ce, "Allah ya mayar da alheri. Amma ɓarin saniya ai ba yau aka fara ba."

Na ce, "Ruwanka ne ya zubar da shi, kuma na gaya maka tun kafin a ja bututun."

Alhaji bai saba a yi masa haka a gaban yaransa ba. Ya nuna ni da makullin mota, ya ce, "In kika ƙara yi min maganar ruwan nan, ki tattara ki koma makarantarku. Ba kuma zan shaida kin yi aiki a nan ba."

Na san abin da yake nufi. In bai shaida ba, shekarar ta tafi a banza, sai na maimaita. Na ce, "Riƙe shaidarka, Alhaji. Allah ya ba ka lafiyar riƙe ta." Na juya na fita ta ƙofar da na shigo.

Na riga su isa tafkin. Hantsi ya dubi ludayi, zafi ya fara. Can na hango ƙura, garkenmu a gaba, na Barau da na mutanen Yola a baya. Shanun sun jiyo warin ruwan, har sassarfa suke. Ba ni da sanda, ko ina da ita ma mace ɗaya ba ta tare garke. Muryar mai su kaɗai take juya su, shanun Baffa kuwa ko ƙannena ba sa ji wa yadda suke ji masa. Na tuɓe takalmana, na ɗage zanena zuwa gwiwa, na taka ɓawon ya farfashe, na shiga. Na yi ta tafiya har ruwan ya rufe min ƙwauri, sannan na juyo na fuskance su.

Barau ya fara isowa. Ya ce, "Subhanallahi! Jibo, me ya sami 'yarka?"

Na ɗaga murya yadda kowa zai ji. Na ce, "Iyayena, kun ce kanwa ce. To wa ya taɓa jin ruwan kanwa ya ci mutum? Mata suna wanka da shi. Zan tsaya a nan, mu gani tare."

Wani daga Yola ya ce boko ce ta taɓa ta. Wani ya yi dariya. Baffa ya iso ya tsaya a bakin ruwa, fuskar nan a murtuke.

Ya ce, "Ke, fito."

Na ce, "Sai ka kira su, Baffa."

Ya ce, "Na ce ki fito."

Na ce, "Ka juya shanunka, in fito. In ba haka ba, a nan za a yi azahar da ni."

Da farko santsi kawai na ji, kamar na taka sabulu. Sai ƙaiƙayi. Sai ya koma kamar an goga min barkono a kan yanka, ya fara daga faso da tsakanin yatsu yana hawa sama. Na cije leɓe. Shanun farko sun riga sun kai baki, suna lasa a dama da haguna. Kyalla ma ta zo, a rame, tana jan ƙafa, ta kafa bakinta mai gyambo kusa da ni. Na ture kanta, ta dawo. Na sake turewa ina zaginta da Fulatanci, ina kuka.

Baffa bai motsa ba. Na san abin da ya riƙe shi. Ga maza a tsaye suna kallo. Ba zai roƙi 'yar farinsa ba, ba zai shigo ya ja ni ba, ba zai nuna cewa abin ya dame shi ba. In kuma ya kira shanu, ya yarda a gaban Barau da kowa cewa yarinya ta fi shi gaskiya a kan garkensa. Ni ma taurin kan a wurinsa na gada. Muka tsaya muna kallon juna, abin da ba mu taɓa yi ba tun da aka haife ni.

Zafin ya kai inda ƙafafuna suka fara rawa. Na dafa ƙahon Kyalla na ɗaga ta dama sama. Na ce, "Ga kanwarku, ku duba!"

Fatar ta yi jawur, wasu wuraren sun yi fari sun yi laushi. Na sa yatsa na shafa, sai ta biyo yatsan. Dariyar nan duk ta ɗauke. Barau ya dafe kai yana salati.

Na ce, "Wannan daga waje ke nan, kuma yanzu na shiga. Su da suke zuba ta a ciki kullum fa? 'Ya'yan da ke cikinsu fa?" Na mayar da ƙafar cikin ruwan. Allah ya sani, wannan mayarwar ta fi komai wuya.

Baffa ya dubi ƙafafuna, ya dubi shanun. Sai ya juya mana baya gaba ɗaya, ya ɗora sandarsa a kafaɗa, ya ɗaga murya ya yi kiran nan nasa, mai tsawo, wanda yake yi in hadari ya taso suna daji. Muryar ta karye a tsakiya, ya sake ɗagawa. Babban bijimin ya ɗago kai. Baffa ya fara tafiya yana kira, yana ambaton su ɗaya bayan ɗaya, bai waiwayo ba. Bijimin ya bi shi, matan suka bi, wasu suna tafiya suna waigen ruwan. Kyalla ce ta ƙarshe. Barau da mutanen Yola suka hau nasu da sanda da ihu.

Sai da na ga babu baki ko ɗaya a ruwan sannan na fito. Ban kai inda takalmana suke ba na zube. Malam Lawal, ashe yana leƙe ta kan katanga, ya rugo da bokiti biyu na ruwan burtsatse ya yi ta kwarara min yana cewa, "Injiniya, kin kashe kanki! Wane irin taurin kai ne wannan?" Alhaji ma ya zagayo da mutanensa. Ya ga ƙafafuna, ya ga tafkin babu dabba, ya ce kada in sake taka masa kamfani.

Na ce, "Da wace ƙafar, Alhaji?"

A kan jakin Barau aka kai ni asibitin Karaye. Alhaji ya cika maganarsa, makaranta ta ce sai na maimaita shekara. Makiyaya suka sare ƙaya suka kewaye tafkin, suka kuma haɗa baki ba mai sayen dusarsa sai ya toshe kafar. Da dusa ta fara ruɓewa a sito, siminti ya samu, aka haƙa ramin. Baffa ya kai bijimi kasuwa ya sayo jar kanwa ta gaske. Wasu shanun sun riga sun sha da yawa, ba su tashi ba. Kyalla ta rayu, amma ba ta ƙara ɗaukar ciki ba.

Masu tsohon cikin nan su muka zuba wa ido. Ina kwance a ɗakin Inna, ƙafafu a naɗe, ba na iya takawa, kullum da safe tambayata ɗaya ce, ko wata ta zubar. Ruwan farko ya sauka, ciyawa ta fara tsirowa. Wata safiya na ji hayaniya a wajen turke, sai kuma na ji shiru. Na ƙwala wa Inna kira, ba ta amsa ba. Na fara jan jiki zuwa ƙofa, sai asabari ya ɗaga.

Baffa ne, wanda rabonsa da ƙofar ɗakin nan in ina ciki tun ina goye. Yana rungume da ɗan maraƙi, jiƙe sharkaf, rigarsa duk ta ɓaci. Ya sunkuya ya dire shi a gabana. Maraƙin ya yi tangal-tangal, gwiwarsa ta lanƙwashe, ya faɗi. Baffa ya miƙa hannu zai tallafe shi.

Na ce, "Bar shi, Baffa."

Ya janye hannun. Muka zuba masa ido mu biyu. Ya yunƙura, ya kafa na baya, ya kafa na gaba, ya tsaya da ƙafafunsa yana rawar jiki, ya buɗe baki ya kira uwarsa.